Falle Goma Sha Huɗu da Hannun Hagu

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti na tarar an riga an gama shawara a kaina. Yayana ne ya jagoranci zaman, a zaurensa na Ƙofar Durbi, shi da babban ɗana da wasu dattawan dangi biyu. Abin da suka tsayar shi ne na gama aiki. Za a rufe gareji, a sayar da kayan aikina, ni kuma in zauna gida ina shan magani. Ba wanda ya tambaye ni. Da matata ta ba ni labari, sai na ce mata, "Wa ya mutu da ake rabon gado?" Sai da na maimaita sau uku kafin ta gane, domin a lokacin bakina ya karkace, harshena kuma ya yi nauyi.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ni, ɓarin dama, ina da shekara hamsin da takwas. Kafin nan na yi shekara talatin da 'yan kai ina gyaran sifirin ɗin manyan motoci, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin lodi, a wani fili da ke bakin hanyar Batagarawa. Filin na Yaya ne, ya ba ni aro tun ina saurayi, kuma bai taɓa bari na manta ba. Gidanmu gidan malamai ne da ma'aikatan gwamnati. Ni kaɗai na bar makaranta na bi maƙera. Har gobe idan Yaya zai gabatar da ni ga baƙi, cewa yake, "Ƙanena ne, yana ɗan taɓa harkar motoci." Ni kuwa ban taɓa ɗan taɓawa ba. Daga Jibiya har Funtuwa, duk direban da gindin motarsa ya zauna ya san inda zai same ni.

Abin da ya fi damuna a gadon asibiti ba hannun ba ne kaɗai. Akwai motar da na bari a wargaje. Tsohuwar motar soja ce mai taya goma, irin waɗanda ake fitarwa gwanjo idan sun tsufa, koren fentinta ya koɗe ya kusa komawa launin ƙasa. Mai ita wani direba ne ɗan Batagarawa, mutum mai sanyin magana, wanda ba shi da wata hanyar abinci sai ita. Da ita yake shiga ƙauyukan da ƙananan motoci ba sa kaiwa, cikin yashi da kwazazzabai, ya fito wa manoma da hatsinsu. Injinta lafiya lau. Bayanta ne ya gaji. Ta karkace hagu, idan aka yi mata lodi sai bodi ya riƙa gugar taya.

Bayan irin waɗannan motoci ba kamar na sauran ba ne. Aksul biyu gare su a baya, wato ƙarafan da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, kowane gefe kuma sifirin ɗaya ne ke ɗauke da nauyin duka biyun. Fallayen ƙarfe ne goma sha biyu a jere, an ɗaure tsakiyarsu a kan wani ƙarfe mai juyawa kamar sikeli, baki ɗaya a kan aksul na gaba, ɗaya a kan na baya. Sai sanduna shida da ke riƙe da aksul ɗin don kada su gudu, kowace sanda da roba a bakinta. Da na kwance na tarar falle uku sun karye, sauran sun miƙe, robobin kuma sun zama gari. Muka shirya da direban zan mayar wa fallayen da lanƙwasarsu, in canja karyayyun, in ƙara mata ƙarfi. Shi ya so in ƙara falle huɗu a kowane gefe. Na ce biyu, domin idan sifirin ya fi ƙarfin shasi, wato ƙashin bayan motar, shasin ne zai tsage. Ina cikin sauke sifirin na biyu ne, da hantsi, sifana ta suɓuce daga hannuna. Na kai hannu in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa.

Kwana biyu da dawowata gida Yaya ya zo duba ni. Aka shimfiɗa masa darduma a ɗakina. Aka yi doguwar gaisuwa, yana tambaya, matata tana amsawa a madadina daga bakin ƙofa. Wannan ma ya riƙa ƙona min rai. Tun da bakina ya karkace, mutane suka koma tambayar na kusa da ni yadda na kwana, ina zaune ina kallonsu.

Da aka gama gaisuwa Yaya ya ce, "To, Allah ya kawo lokacin hutu. Na yi magana da masu buga bulo, suna son filin. Na kuma aika wa mai motar nan ya zo ya ja abinsa ya kai wani wuri."

Na ce, "Ban gama ba."

Ya juya wajen matata. "Mi ya ce?"

"Ya ce bai gama ba, Yaya."

"Da wane hannun zai gama?"

Na ɗaga na hagu na nuna masa. Ya yi irin murmushin da ake wa mai zazzaɓi idan yana sambatu, ya yi min addu'a, ya tashi. Ban yi masa rashin kunya ba. Yayana ne, kuma na san abin da ke ransa. Irin wannan ciwon ne ya kwantar da mahaifinmu shekara huɗu, Yaya ne kuma ya yi jinyarsa. Amma ni ma na ga waɗannan shekarun. Na ga yadda aka zaunar da tsohon a kan tabarma, aka hana shi ko ɗaukar buta, har ya daina neman tashi. Ban yi niyyar hawa wannan tabarmar ba.

Direban ya zo washegari, da ƙullin ƙwan zabi a hannunsa. Ya zauna ya rasa inda zai sa idonsa.

Ya ce, "Malam, Alhaji yayanka ya aiko min. Kunya ce ta hana ni zuwa tun tuni, kada a ce motar na zo nema."

Na fara magana, kalmomin suna fita da ƙyar. Shi ne mutum na farko da bai ƙarasa min zancena ba, bai kuma waiwaya neman mai fassara ba. Ya jira har na kai ƙarshe. Na ce masa, "Ka ba ni zuwa yankan dawa."

"Gero fa, Malam?"

"Gero zai wuce ka."

Ya riƙa murza hularsa. Lokacin damina ta yi nisa, na kuma san abin da rashin jigilar gero yake nufi a gidansa. Ban lallashe shi ba, ban yi masa alkawarin abin da ba zan iya ba. Can ya ce, "Wuri uku na kai ta kafin in kawo maka, duk walda suka yi mata suka shafa fenti. Zan jira."

Da ya tafi na sa matata ta kira min taubashina a waya. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, sa'ana, mai walda, ƙaton mutum mai tumbi da surutu. Shekara talatin muna faɗa da shi a kan abu ɗaya: shi yana liƙe karyayyen sifirin da walda ya sallami direba, ni kuma ina cewa wannan ha'inci ne, ƙarfen sifirin ba ya karɓar walda. Ya shigo yana dariya tun daga zaure.

"An ce ka zama bahago da tsufanka."

Na ce, "Bahagon ma ya fi ka aiki. Je ka kwaso min kayana."

Ya gane a karo na farko, ko dai ya gane daga fuskata. Kafin la'asar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu na Ƙofar Kwaya. Aka shigo da fallaye ashirin da huɗu, da sanduna shida, da guntun ƙarfen titin jirgi da nake bugu a kansa, da guduma babba da ƙarama, da awartaki, da zuga-zugina mai wilin keke. Aka zube su a tsakar gida. Matata ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, tsakar gidan nawa za ka mai da gareji?"

Na ce, "Zuwa yankan dawa."

Ta janye turminta zuwa bayan madafa, ta kwance igiyar shanya ta ɗaura a wani gefe, ta kwana ba ta yi min magana ba. Da labari ya kai wa Yaya, sai ya sa aka garƙama wa ƙofar filin kwaɗo, motar tana ciki a kan duwatsu da kututture, ya miƙa wa ɗana makullin.

Makon farko ban taɓa ƙarfe ba. Ƙaramar guduma na ɗauka da hagu, ina dukan wani kututturen darbejiya a gindin katanga. Mutumin da ya shekara hamsin ana tsawata masa idan ya miƙa hagu, ga shi yau da ita yake cin tuwo, da ita yake gaisawa da mutane yana ba da haƙuri. Hannun bai san komai ba. In auna nan, ya sauka can. Rana ta huɗu gudumar ta zame ta same ni a ƙwauri, fata ta tashi. Na ɗaure da tsumma na ci gaba. Hannun dama yana rataye a gefena kamar ba nawa ba, sai na sa matata ta ɗinka min wani maɗauri na saƙale shi a ƙirji don kada ya shiga tsakanin ƙarfe da guduma ban sani ba.

Kafin a lanƙwasa falle, sai an zana lanƙwasar da ake so a ƙasa, a riƙa gwadawa a kai. A da da hannu kawai nake jan layin. Yanzu na gwada da hagu, ya fito kamar tafiyar maciji. Sai na ɗaure alli a bakin doguwar igiya, na ce wa matata ta taka ɗaya bakin a can bakin rijiya. Ta taka, na ja, layi ya fito sumul a kan siminti. Wannan ne aikinta na farko a sana'ata, bayan shekara talatin da aure. Daga baya ita ce ta koma mai juya wilin zuga-zugi, tana juyawa tana mitar gawayinta da muke cinyewa.

Taubashina yakan rufe shagonsa bayan azahar ya zo. Shi ke ɗaga babbar guduma, ni kuma in ɗora falle a kan ƙarfen titin jirgi, in riƙe da hagu, in tokare da gwiwa, ina matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa inda na sa alama. A sanyi ake wannan bugun, ba wuta. Ƙarfi yake da shi, amma ba shi da haƙuri. Yakan ce falle ya yi, in ɗora a kan layi in nuna masa ratar da ta rage, wadda ko ɗan yatsa ba zai shiga ba.

"Wannan ɗin wa zai gani?"

"Motar za ta gani."

Falle ɗaya, wani lokacin biyu, muke gamawa a yini.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci babban ɗana ya zo. Ma'aikacin ofis ne, magidanci mai 'ya'ya uku, mutum mai natsuwa wanda bai taɓa ɗaga min murya ba. Ya same ni zaune a ƙasa, gumi ya jiƙa rigata, tsumman ƙwaurina ya yi baƙi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, likita ya ce jininka bai sauka ba tukuna."

"Likita ya ce in motsa jiki."

"Bai ce ka ɗaga guduma ba."

"Ban tambaye shi ba."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, mutane suna magana. Ana cewa mun kasa riƙe ka ne, shi ya sa kake aiki da ciwo. In ka faɗi a nan, mu za a zaga."

Na ce masa, "In na faɗi, ni za a binne, ku kuma a yi muku gaisuwa. Ba mai zaginka."

Maganar ta fita tsaf, ba gargada, ita kaɗai a duk wannan makon. Na ga yadda ta same shi. Ya tashi ya shiga wajen mahaifiyarsa, ya jima, ya fita ta gabana ya ce sai an jima. Na so in kira shi, ban kira ba. Ya yi mako uku yana aiko da magani da cefane ta hannun matarsa, shi bai zo ba.

Fallayen da za mu ƙara, da waɗanda za su maye karyayyun, daga wajen 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa muka samo su, na wata matacciyar tifa masu faɗi ɗaya da namu. Su sai an yanke su, an kuma huda musu rami a tsakiya inda ƙusar da ke haɗe fallayen take bi. Nan ne wuta take shiga. Tsakiyar kawai ake gasawa har ta yi ja, a huda, sannan a binne wurin cikin toka ya huce a hankali. Mun yi shida lafiya. A na bakwai, wanda ya fi duka tsawo, taubashina yana ba matata labarin wani biki, ya huda, ya ɗaga da awartaki, sai na ga ya nufi bokitin ruwa kamar yadda ya saba a shagonsa. Na buɗe baki in ce kada. Kalmar ta tsaya a maƙogwarona. Ina ji ina gani ya tsoma, ruwa ya yi ƙara, tururi ya tashi. Washegari bugu biyu aka yi masa ya rabe gida biyu.

Ban yi faɗa ba. Na ja ƙafata na shiga ɗaki na kwanta. Ba ƙarfen ne ya karya min zuciya ba, kalma ɗaya ce da na sani, na kuma kasa fitarwa. A ranar ne kaɗai na ce a raina watakila Yaya ya fi ni gaskiya. Na kwana biyu ban leƙa tsakar gida ba. A rana ta uku da safe matata ta shigo ta ajiye min wani tsohon kwanon sha da ludayin ƙarfe a gefen katifa.

Ta ce, "Bugu ɗaya a tsaya, biyu a ci gaba. Na gaya wa taubashin naka. Ka tashi, ni ba zan zauna da ƙarafa a tsakar gida har shekara ta zagayo ba."

Na ɗauki ludayin na buga kwanon sau biyu. Ta juya ta fita, ban ga fuskarta ba.

Taubashina ya yi kwana uku yana yawon wuraren 'yan gwangwan kafin ya sami wani fallen. Ya shigo da shi a kafaɗa ya jefar a gabana ya ce, "Ga shi, sarkin fushi." Iyakar ban-haƙurinsa ke nan, ni ma ban nemi fiye da haka ba. Kafin ya zauna ya ɗauki bokitin ruwan ya kai shi bayan madafa da kansa.

Robobin sandunan sun ba mu wahala ta daban. Irin nasu ba a samunsu a kasuwa. Muka sayi na tirela waɗanda suka ɗan fi girma, wani mai injin gyaran ƙarfe ya rage musu jiki. Matsa su cikin sanda kuwa sai da inji, injin kuma babu. Taubashina ya haɗa wani firam da ragowar ƙarafa, ya liƙe shi da walda, muka sa jak a ciki, jak ɗin yana tura roba tana shiga. Ya yi aiki sarai. Ya tsaya yana jiran in yaba. Na ce masa walda ma tana da ranarta, amma ba a jikin sifirin ba. Muka sa aka yi sabbin ƙusoshin ɗauri masu tsawo, tun da sifirin ya ƙara kauri, na kuma sa aka huda wa ƙarfen nan mai juyawa ƙofar giris, domin ta asali ta toshe tun ban san motar ba.

Gero ya wuce kamar yadda na faɗa. Direban yakan zo ranar kasuwa ya tsaya ya kalli jerin fallayen, ya gaishe ni, ya tafi. Na ji a bakin wasu cewa yana tuƙa wa wani motar yashi kafin lokaci. Bai taɓa ce min yaushe ba.

Da dawa ta fara sunkuyar da kai, sifirin biyu suka haɗu, kowanne falle goma sha huɗu, an goge an shafa musu giris a tsakani. Saura ɗaurawa, mota kuma tana bayan kwaɗo. Na sa babbar riga, na ɗauki sanda, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Ƙofar Durbi. Tun da na kwanta ban fita unguwa ba sai ranar. Na sami Yaya a zaure shi kaɗai. Bayan gaisuwa na ce masa makulli na zo karɓa. Wannan karon ba mai fassara, dole ya saurare ni da kansa.

Ya daɗe yana kallon hannuna da ke saƙale a ƙirji. Sannan ya ce, "Shekara huɗu na ɗauki mahaifinmu da hannuwan nan. Na tsufa. In ka sake faɗuwa ba zan iya ɗaukarka ba."

Na ce, "Yaya, ban ce ka ɗauke ni ba. Makulli na ce."

Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Yana wajen ɗanka. In ya ba ka, kwana uku gare ka. Bayan nan masu bulo za su shiga, na riga na ba su magana."

Na yi masa godiya, don ya cancanci godiya. Filinsa ne.

Ban kira ɗana ba, mahaifiyarsa ce ta kira shi. Ranar Asabar da safe muka isa bakin filin, ni da taubashina da direban da kayanmu a a-kori-kura, muka same shi tsaye da makulli a hannu. Ya gaishe ni ya buɗe. Ciyawa ta fito har ƙarƙashin motar, kaji sun yi ƙwai a gidan direba. Na zauna a kan benci da kwanona da ludayina. Da sarƙa da ƙugiya aka ɗaga sifirin na farko. Direban yana kan jak, taubashina yana kan sarƙa, ya rage wanda zai shiga ƙarƙashi ya daidaita ya ɗaure. Taubashina ya gwada, tumbinsa ya hana. Ɗana ya tsaya yana kallo. Can sai ya cire farin kaftaninsa ya rataye a madubin motar, ya cire agogo.

Ya ce, "Ba wai na yarda ba ne, Baba. So nake a gama ka huta."

Na ce, "Shiga ta gefen hagu."

Bai san ko ta ina ake juya noti ba. Tun yana ƙarami na hana shi zuwa gareji don ya yi karatu, ga sakamakon. Na riƙa nuna masa da sanda, taubashina yana ƙara bayani, kwano yana ƙara. Noti huɗu ne, kuma ba a ƙarasa ɗaya a koma wani. Kaɗan nan, kaɗan a na kishiyar kusurwa, a zagayo. Ya koya da wuri. Zuwa la'asar gefe ɗaya ya ɗauru.

Washegari a gefe na biyu ɗana ya ce ya gama. Daga inda nake zaune na ga kamar sifirin ya ɗan ɗaga ta gaba. Na buga kwano sau ɗaya.

"Baba, ai ya shiga."

Na sake bugawa sau ɗaya. Na sauko daga benci na kwanta a ƙasa, na ja jikina da gwiwar hannun hagu, ƙafar dama tana biyo ni a baya, har na isa kusa da shi a ƙarƙashin motar. Ba wanda ya hana ni, ko da yake na ji direban yana salati a hankali. Na zura yatsu na laluba. Kan ƙusar tsakiya bai faɗa cikin raminsa ba, a baki ya hau. Na kama hannun ɗana na kai shi wurin don ya ji da kansa. Ya laluba, sannan ya ce wa direban ya ɗaga jak. Aikin rabin yini muka kwance muka sake. Muna kwance a wurin kafaɗa da kafaɗa, ƙasa tana zubo mana a fuska, bai ce min in fita ba, ni ma ban tayar da maganar ranar Juma'a ba.

Rana ta uku ɗana ya koma ofis, mu uku muka ɗaura sandunan, aka mayar da tayoyi, aka sauke ta daga kan kututture. Na karyi karan dawa na auna daga taya zuwa bodi a dama, na zagaya na auna a hagu. Daidai. Direban ya zagaya ta sau biyu, sai ya je ya kawo batir.

Na ce sai na bi ta lodin farko. Su biyu suka ɗaga ni suka sa a gaba. Muka bi ta Batagarawa muka saki kwalta, muka shiga wani ƙauye da ke bayan rafi, aka yi mata lodin dawa har sama. A dawowa, da muka zo gangaren rafin, na sa ya kashe rediyo. Ta sauka, tayoyin baya suna hawa suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ta haye. Ba guga, ba ƙarar ƙarfe. Da muka hau tudu na sa ya tsaya ya ƙara wa notocin nan ɗauri, domin sabon sifirin yakan zauna bayan lodin farko. Biyu sun ɗan saki. Ya ɗaure, muka ci gaba. Bai yi min doguwar godiya ba. A ƙofar gida ya sauke buhu ɗaya ya ce na uwargida ne, na gawayinta.

Masu bulo sun shiga filin a ranar da Yaya ya faɗa. Ban koma ba. Kayan aikina dai ba a sayar ba, suna ƙarƙashin wata rumfar kwano da na kafa a ƙofar gida. Hannun dama bai dawo ba, sai ɗan motsin yatsu biyu. Bakina ya sake sosai, amma idan na gaji yakan koma. Maƙwabta sun kai ƙarata wajen mai unguwa saboda ƙarar guduma, wani ma ya ce unguwar zama ce ba maƙera ba. Na ce wa mai unguwa zan daina bugu daga azahar, amma rumfa ba za ta tashi ba, a kan haka aka tsaya. Dole taubashina ya juya lokacinsa, yanzu da safe yake zuwa, yana mitar na hana shi buɗe shago.

Daga hantsi zuwa azahar nake aiki, ranar Juma'a in huta. Abin da nake gamawa cikin kwana uku a da, yanzu mako biyu yake ɗaukata, kuma ina faɗa wa kowane direba haka tun kafin ya sauke kayansa. Wasu su juya su tafi. Wasu su sauke.